Kaucin Kaɗanyar Innarka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Daga mahaifinka Audu, tsohon masinjan ofishin daji na Birnin Gwari, zuwa ga ɗana Isiyaku.

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da sa albarka. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka zaune lafiya a cikin jirgin ƙasa, hularka a kanka, kanka kuma ba a waje ta taga ba. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sauke ka Badun lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da abokin banza. Amin.

Bayan haka, ka san ni da surutu, amma duk ranar da na zaunar da kai zan yi maka magana mai nauyi, kafin in kai tsakiya dariya ta kama ɗayanmu. Shi ya sa na ce gara in rubuta, in danƙa maka a bakin mota, ka karanta a inda ba ka da halin katse ni.

Tun ranar da aka ce an ɗauke ka aiki, ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Ɗana a ɗakin littattafan masu binciken itatuwa! Shi zai riƙa karɓar mujallun masana, yana jera su, yana nemo wa manya abin da suke so. Na gaya wa liman, na gaya wa mahauta, na gaya wa wani Bafillace da ya tsaya kawai yana tambayar hanyar Kamuku. Innarka ta ce saura jakin maƙwabta. Na ce ai shi na fara gaya wa.

To, amma a ƙarƙashin murnar nan akwai buƙata, kuma ka san ta. Kaɗanyar Innarka ta Kutemeshi, wadda ita da Kawunka Ɗanlami suka gada wajen kakarka, kauci yana cin ta. Ka gan shi da idonka, curi-curi a kan rassa, ganyensa kore shar, furensa ja, reshen da ya kama kuwa ya kumbura ya bushe daga can gaba. Kawunka masassaƙi ne, in ya dubi itace turame yake gani. Ya ce tun ba ta ruɓe a tsaye ba gara a kayar, kowa ya sami abin daka. Ba mugunta ba ce, shi ma da gaskiyarsa. Ba ka nan ranar da dangi suka yi zama a kan maganar, kana Kaduna wajen ganin likita na shiga aiki. Innarka ta gyara lulluɓi a gaban dangi ta ce, "Yaya, ɗana zai tafi inda ake ajiye ilimin itace. A jira shi." Kawunka ya ce ya ji, ya ɗaga mata ƙafa har zubar 'ya'yan baɗi. In kaɗanyar ta zuba kamar yadda ta saba, ya haƙura har abada. In ba ta zuba ba, gatari ne.

Ka ga ke nan an ɗora maka kaya tun ba ka ga ƙofar ofishin ba. Kada ka tsorata. Ni na riga ka taɓa irin mujallun nan, na kuma tafka wauta a kansu wadda in an raba ta za ta ishi unguwa guda. Bari in ba ka labari, don gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Sa'ad da nake saurayi a ofishin daji, muna da wani Bature da muke kira Dogon Lofe. Mutum ne mai son karatu kamar ya ci takarda. Duk zuwan motar Kaduna sai jakar wasiƙu ta zo masa da mujallu, 'yan littattafan nan marasa kauri da ke fitowa wata-wata ko bayan 'yan watanni, kowace da rubuce-rubucen masana daban-daban a ciki. Wasu shi ya aika a kawo, wasu abokansa ne ke aiko masa in sun gama karantawa. Suka taru tsibi a ƙasa, gara kuwa ta ji labari. Wata safiya zai fita rangadi wajen Gwaska, ƙafarsa ɗaya a likkafa, ya ce da ni da Hausarsa mai tsalle-tsalle, "Audu, akwatin ƙarfe ɗaya ne. Sa na itace ciki. Saura, ka yi yadda ka so."

Turancina na masinja ne. Na san kalmar itace, na san ta daji, na san zo, na san tafi. Na zauna na yi ta duban bango. Wadda na ga itace ko sunan daji a bangonta, akwati. Wadda na ga hoton ƙwaro, ko saniya, ko alamar likitoci, gefe. Akwai wata mai hoton tsuntsu a bango, na jefa ta gefe ko buɗewa ban yi ba, har ina cewa a raina Turawa ba su da aikin yi. Kafin azahar na gama, ina jin kaina alƙali.

Na gefen nan na ɗaure su na kai wa Tabawa mai ƙosai a bakin kasuwa, don kullum kukanta ba ta da abin ƙunshi. Ta yi ta sa mini albarka. Kwanakin nan na ci ƙosai da gyara kamar ɗan sarki, har na fara ƙiba a wuya.

Dogon Lofe ya dawo rangadi fuska ja wur. Ya ga yadda kauci ya kama kaɗanyu a duk hanyar Gwaska, yana so ya rubuta wa manyansa. Ya buɗe akwati ya yi ta zaro mujallun daji yana sa alama, yana gyaɗa kai. Can sai ya ɗago.

"Audu, ina mai tsuntsu?"

Na ce, "Wace mai tsuntsu, ranka ya daɗe?"

"Mai tsuntsu a bango. Akwai maganar kauci ciki."

Na yi murmushin wanda ya san aikinsa, na ce, "Ranka ya daɗe, ai kauci ɗan itace ne. Me zai kai shi littafin tsuntsaye?"

Ya cire lofen daga bakinsa, ya dube ni, ya ce, "Audu, wa ya kai kauci saman itace? Kai?"

Isiyaku, ka so ka ga kasuwar Birnin Gwari ranar nan. Bature a gaba da gajeren wando da doguwar safa, ubanka a baya gumi har tafin ƙafa, muna tare mutane suna cikin cin ƙosansu. Ina cewa, "Malam, ci abinka, takardar kawai muke so." Wani tsoho ya ɗauka haramta ƙosai aka yi, ya cusa guda uku a baki lokaci ɗaya ya miƙo hannu a ɗaure shi. Da muka isa wajen Tabawa ko gezau ba ta yi ba. Ta ci gaba da juya ƙosai ta ce, "Ni na san Turanci ne? Takarda ce mai kyau, ba ta yoyo. In Bature yana son takarda, ya sayi ƙosai." Haka kuwa aka yi. Ya saye kaskon nan kaf, ana ƙunsa masa yana warwarewa, yana duba takarda yana miƙa wa jama'a ƙosai. An daɗe ba a yi sadaka irin ta ranar ba.

Abin da muka samo daga rubutun da yake nema rabin shafi ne, na sama. Mai ya jiƙa shi har ana ganin rana ta cikinsa. Ya ɗaga shi sama ya karanta, yana juya mini da Hausa. Wai akwai wani ɗan tsuntsu mai ɗigon rawaya a goshi, wanda kukansa ke kama da maƙeri yana bugun ƙarfe daga nesa. Shi ke cin 'ya'yan kauci. Ƙwayar tana da danƙo, sai ta manne masa a baki, ya je wani reshe ya goge, ta kama ta tsiro. Daga nan mai rubutun ya fara bayanin abin da ya ga ya faru a inda aka yi ƙoƙarin raba itatuwa da kaucin, sai takarda ta ƙare a yage. Rabin ƙasa fa? Tabawa ta ce ta tuna, ta ƙunsa wa wani makiyayi da ya kora shanunsa ya yi dajin Kamuku tun da hantsi.

Na tsaya ina jiran kora. Dogon Lofe ya dubi takardar, ya dubi Tabawa, ya dube ni, sai ya fashe da dariya har da hawaye. Ya ce zai aika a sake kawo masa wata, amma kafin ta zo aka canza masa gari. Ni kuwa ban ma san sunan mujallar ba, hoton tsuntsun kawai na riƙe.

To ka ji, ɗana. Kada ka yanke wa mujalla hukunci da bangonta. Magana guda ba ta da maigida guda. Mai binciken itace ya ga kauci ya rubuta wa 'yan'uwansa masu itace. Mai bin tsuntsaye ya ga kauci a bakin tsuntsunsa, ya rubuta wa nasa mutanen. Likita ya ji ana shan ganyen don magani, ya gwada, ya rubuta wa likitoci. Kowa gidansu yake kai labari, kuma ba lalle su san da juna ba. Kai da ke tsaye a tsakiyar ɗakin, kai kaɗai ne duk gidajen ke biyowa ta hannunka.

Kafin ya tafi, Dogon Lofe ya nuna mini wani abu da ban manta ba. Ya shimfiɗa tabarma a baranda, ya tattaro duk rubutun da ya taɓa samu a kan kauci, ya kasa su kashi uku masu kusan yawa ɗaya. Ya ɗora hannu a kashin farko ya ce duk wannan daga mujallun da ba su cika yatsun hannu ɗaya ba ya fito, manyan na daji. Kashi na biyu kuwa sai da ya bi mujallu da dama kafin ya tara shi, wannan ta ba da biyu, waccan ta ba da uku. Na ukun ya ce kada ma in tambaya, ɗaya-ɗaya ne, daga nan da can, wata mujallar tun da aka kafa ta sau ɗaya ta taɓa ambaton kauci. Ya ce ba kauci kaɗai ba, in ka ɗauki maganar gyaɗa, ko tsando, ko ciwon barci, haka za ka tarar. Ƙalilan ne ke ɗauke da mai yawa, masu yawa kuma kowace da ɗan kaɗan.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai cefanen biki ke nan." Ka san yadda Innarka ke yi. Ran kasuwar gari ta cika rabin kwando a tsaye ɗaya. Sauran sai an aika ƙauyuka. Daddawar da za ta sa miyar ta zama miya kuwa, tana hannun wata tsohuwa a cikin gida, wadda ba ta taɓa kasa kaya a kasuwa ba. Ya ce in maimaita, ya rubuta a bayan hannunsa.

Kana tsammanin na yi hankali daga nan? Ina! Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na koma ba na yar da takarda ko ta ƙunshin sabulu ce. Baturen da ya gaji Dogon Lofe mai son tsabta ne, in ya gama da abu sai ya ce a ƙone. Ni kuwa sai in ce to, in zagaya baya, in kai gida. Mujallar shanu, mujallar kifi, har da wani littafi mai hotunan kayan mota, duk na tara. Na ƙudura a raina cewa gaskiya kullum a inda ba a zato take ɓuya, don haka na fara neman hoton kauci daga can nesa, shafi-shafi, ina lasar yatsa. Damina ta wuce, kaka ta wuce. Na san kamannin kifayen ƙasashen da ban san sunansu ba, kauci ko ganye ban gani ba.

Rannan ina share teburin Bature, na ɗaga butar shayi, sai mujallar da nake ɗora butar a kai ta zame ta faɗi a buɗe. Babbar mujallar daji ce, wadda kowa ya sani. Kauci ne a shafin, hoto bayan hoto, bayani dogo. Watanni ina ɗora mata buta, ban buɗe ba, don na raina ta da cewa ta cika kusa. Na roƙi akawu ya karanta mini. Ire-iren kauci ne da sunayensu, da itatuwan wata ƙasa, bai taɓo kaɗanya ba, amma na ƙaru a zama ɗaya fiye da duk watannin lasar yatsa.

A gida kuwa asirina ya tonu ranar da aka kawo dawa daga gona. Innarka, tana amarya lokacin, ta buɗe ƙaramin rumbu ta tarar da shi cike da takardu, gara ta riga ta yi gini a ciki. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, tuwon wanne zan tuƙa yau, na mai kifi ko na mai mota?"

Don haka ka fara daga kusa. In an ce ka nemo magana, je ka wajen manyan mujallun da sana'arsu ke nan, ka kwashi mai yawa tukuna. Sa'an nan ka duba ƙarshen kowane rubutu. Masu ilimin nan suna da wata ɗabi'a mai kyau, in mutum ya gama bayaninsa sai ya jera sunayen waɗanda ya ɗebo daga wajensu, da mujallar da kowa ya yi rubutu a ciki. Akawu ne ya nuna mini, na ji kamar in mari kaina. Wannan sawu ne, ka bi shi. Shi zai fitar da kai daga gidan masu itace ya kai ka ƙofar masu tsuntsaye ba tare da ka bi gari kana buɗe kowane zaure ba. Wanda ka samu can, shi ma ka duba ƙarshensa. In ka ga sunayen da ka riga ka sani sun fara dawowa, to ka kusa gewayewa. Kuma ka san ranar tsayawa. Babu wanda ya taɓa tattare kashi na ukun nan kaf, wanda ya ce sai ya yi kuwa zai tsufa bai amsa tambayar da aka yi masa ba.

Wautar da ta fi ci mini rai kuwa ta kwanan nan ce, kana makarantar kwana aka yi ta, na kuma hana a rubuta maka. Da kauci ya fara bayyana a kaɗanyar Innarka, na bugi ƙirji na ce a bar ni da shi, ni na san sirrinsa tun zamanin Dogon Lofe. Tsuntsu ne ke kawo shi, to a kori tsuntsu. Na ɗauki tsohon gwangwani da sanda na tare a Kutemeshi. Daga fitowar rana ina gindin itace ina ƙwanƙwasa. Tsuntsun yana nasa bugun a sama, ina nawa a ƙasa, masu wucewa suna tambaya ko maƙera aka buɗe. In na tafi salla su sauko su ci, in na dawo su koma kaɗanyar maƙwabci su jira ni. Har yau in na shiga Kutemeshi, Sarkin Tsuntsaye ake ce mini, kuma ina amsawa.

Da na ga kiɗa bai yi ba, sai na ɗauki gatari na hau. Duk reshen da na ga kauci na sare, wanda ban gani ba ma na ce rigakafi. Ban tambayi kowa ko lokacin sara ne ba, ga ta tana shirin fure. Wajen saukowa wani kututture ya kama mini wando, na yi lilo tsakanin sama da ƙasa ina salati, sai da masu dawowa daga gona suka sauko da ni, bayan sun gama dariya. Shekarar nan kaɗanya ta yi fushi, ba ta ba da ko ƙwara ba. Da ta sake toho kuma, kauci ya dawo ya tarar da sababbin rassa masu taushi.

Innarka ta zo ta tsaya ta daɗe tana kallon itacen uwarta. Ranar babu wasa a bakinta. Ta ce, "Malam, kauci yana cin ta a hankali, kai ka ci ta rana ɗaya." Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Ta karɓe gatarin ta kai ɗakinta. Yanzu ko itacen girki zan faskara sai na aika an aro na maƙwabta.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, Isiyaku, ni na sa shi a wuyana na ji nauyinsa. Rabin shafi ba shafi ba ne. In ka sami bayani, karanta shi har ƙasa. Ka duba a wace ƙasa aka yi gwajin, a kan wane itace, a wane lokaci na shekara. Kada ka tsaya ga mutum ɗaya komai daɗin bakinsa, nemi wanda ya saɓa masa ka ji ta bakinsa shi ma. In su biyun sun haɗu a kan abu, riƙe shi da kyau. In sun rabu, ka gaya mana sun rabu.

Ga abin da muke so ka nemo mana, in Allah Ya yarda. A wane lokaci ake sare reshen da kauci ya kama, kuma daga ina, kusa da kumburin ko can baya? In mun gyara tamu maƙwabta ba su gyara nasu ba, aikin banza ne, ko akwai amfani? Itacen da ya kai inda tamu ta kai, yana farfaɗowa? Ka fara da na masu daji, kada ka yi irin ta ubanka da butar shayi. Amma ka leƙa na masu tsuntsaye, da na masu gonakin 'ya'yan itace, don na ji an ce can kudu kauci yana damun itatuwansu su ma, kuma mai gona ba ya zama ya zuba ido. In ka ci karo da wani tsohon rubutu da ke maganar ɗan tsuntsu mai goge baki a reshe, don Allah ka karanta mini rabin ƙasan. Na daɗe ina son in ji yadda labarin nan ya ƙare.

Aikin da aka ɗauke ka dominsa shi ne gaba. Namu ka yi shi a lokacin hutunka, kada a ce ɗan Audu ya zo da kaɗanyar gidansu ya baje a ofis. In mujallar da sawu ya kai ka ba ta ɗakinku, kada ka ce shi ke nan. Tambayi manyanka, na ji ana aron littafi daga wani ɗaki zuwa wani ta gidan waya, matambayi kuwa ba ya ɓata. Duk wanda ya shigo neman abu, babba ne ko ƙarami, ka nemo masa kamar kaɗanyar uwarsa ce ke jira. Kuma takarda ko ta tsufa, kada ka ba mai ƙosai sai ka tambaya.

In ka nema iyakar ƙoƙarinka ba ka samu ba, ka rubuto ka ce ban samu ba. In abin da ka samu ba mai daɗi ba ne, ka rubuto shi yadda yake. Kada ka sa masa zuma don ka faranta wa Innarka, ta fi ka ƙarfin zuciya, ta fi ni ma. Ba za mu ga laifinka ba. Mutum ɗaya ne ya yi wa itacen nan laifi, kuma an riga an karɓe masa gatari.

Ka riƙe salla a kan lokacinta. Ka koyi gaisuwar mutanen Badun tun a makon farko, ka ci abincinsu ba tare da yamutsa fuska ba, in yaji ya kama ka ka ce daɗi ne ya sa ka hawaye. Ka nemi unguwar Hausawa ka gaida manya, amma kada ka maƙale a can kamar ba ka bar gida ba.

Saura magana ɗaya, wadda aka ce kada in faɗa. In ka sauka ka buɗe akwatinka, can ƙasa a ƙarƙashin rigunan, za ka ga ɗan kwano a naɗe cikin tsohon zane. Man kaɗe ne, na itacen. Ka san da can Innarka tukwane take cikawa, ta aika wa masu jego, ta aika wa dangi, har a kai baɗi ana ci. Bana abin da kaɗanyar ta bayar ke nan duka. Ita ta tsince ƙwarar da hannunta, ta daka, ta dafa, ta kwashe, ko na shafa a yatsa ba ta rage wa kanta ba. Ta ce da ni, "Kada ka gaya masa na kaɗanyar ne. In ya sani ba zai shafa ba, ajiyewa zai yi yana kallo."

To na gaya maka, in ta tambaya ka ce ba ka sani ba. Amma ka shafa, ɗana, kada ka yi tsimi. Shekaranjiya na dawo daga masallaci na tarar da maginiya a tsakar gida, Innarka tana gwada mata da hannu biyu girman sabuwar tukunyar man da take so a gina mata. Na ce ta mece ce, ga tukwane nan duk a kife? Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Ta baɗi ce."

Allah Ya buɗa maka ƙirji, Ya sa idonka ya faɗa kan shafin da ake nema. Allah Ya tsare ka a tafiya da zama, Ya kare ka daga sharrin mutum da na aljan, Ya dawo mana da kai lafiya muna raye. Innarka tana gaishe ka. Kawunka Ɗanlami ma yana gaishe ka, ya ce in gaya maka bai wasa gatarinsa ba tukuna.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Audu, Sarkin Tsuntsayen Kutemeshi.